William Gosset: Masanin da duniya ta sani da sunan 'Ɗalibi'

Duk ɗalibin da ya taɓa karanta ilimin ƙididdiga a jami'a, ko a fannin likitanci ne ko noma ko tattalin arziki, ya ci karo da wani jadawali mai cike da lambobi a shafukan ƙarshe na littafinsa, wanda ake kira jadawalin t.

Da wannan jadawali ne mai bincike kan tantance ko bambancin da ya gani tsakanin magunguna biyu, ko tsakanin irin shuka biyu, na gaskiya ne, ko kuwa dace ne kawai.

Mutumin da ya fara tsara shi, William Sealy Gosset, bai taɓa riƙe muƙamin koyarwa a jami'a ba. Shekaru 38 ya yi yana aiki a kamfani ɗaya, kuma har ya mutu a 1937, da yawa daga cikin masu amfani da aikinsa ba su san ainihin sunansa ba. Sunan aro suka sani, Student, wato Ɗalibi.

Tasowarsa

An haifi Gosset ne a ranar 13 ga watan Yunin 1876, a birnin Canterbury da ke kudu maso gabashin Ingila.

Shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa, Kanar Frederic Gosset, hafsa ne a rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya, kuma burin yaron tun farko shi ne ya gaji mahaifin nasa. Raunin gani ne ya hana shi shiga aikin soja.

Ya yi karatu a makarantar Winchester, ɗaya daga cikin tsoffin makarantun kwana na Ingila, sannan ya wuce Jami'ar Oxford, inda ya karanta lissafi da kimiyyar sinadarai. Ya kammala a 1899 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

A wannan shekarar ce kamfanin giya na Guinness da ke birnin Dublin ya ɗauke shi aiki. A lokacin Ireland baki ɗayanta na ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kamfanin kuma shi ne mafi girma a duniya a wannan sana'a.

Shugabanninsa sun soma ɗaukar matasan da suka karanta kimiyya a Oxford da Cambridge, domin aikin da a da ake yi bisa gado da ƙwarewar ido ya koma bisa awo da gwaji.

Matsalar awo kaɗan

Kayan aikin kamfanin amfanin gona ne, wato sha'ir da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops. Ingancinsu kan sauya daga gona zuwa gona, kuma na bana ba ya zama daidai da na bara.

Mai sayen hatsi a kasuwa kan zura hannu cikin buhu, ya ɗebo 'yan ƙwayoyi, ya yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Aikin Gosset bai yi nisa da wannan ba, sai dai shi hukuncinsa ya shafi dukiya mai yawa, kuma kowane awo na cin kuɗi da lokaci.

Gonar gwaji sau ɗaya take ba da amfani a shekara. Sau da yawa abin da ke hannunsa bai wuce awo huɗu ko biyar ko goma ba.

Ilimin ƙididdiga na wancan zamani kuwa an gina shi ne a kan awo masu ɗimbin yawa, ɗaruruwa ko dubbai.

Idan aka faɗi ƙa'idar yadda ake faɗinta a yau, ga yadda take: a raba bambancin da aka gani da gwargwadon kuskuren da ake tsammani a cikin awon. Idan abin da ya fito ya zarce 1.96, to dace kaɗai ba ya haifar da irinsa sai sau biyar cikin ɗari.

Abin da Gosset ya lura da shi shi ne, shi kansa gwargwadon kuskuren daga cikin awon ake ƙiyasta shi. Idan awon dubu ne, ƙiyasin kan zo kusa da gaskiya. Idan kuwa huɗu ne, suna iya yin katarin fitowa kusa da juna, sai kuskuren ya yi kamar ƙarami ne, bambancin kuma ya yi kamar babba.

Sakamakon haka, wanda ya dogara da 1.96 alhali awo huɗu ne a hannunsa, zai ruɗu kusan sau 15 cikin ɗari, yana zaton sau biyar ne kawai.

A 1904 Gosset ya rubuta wa shugabannin kamfanin rahoto kan yadda za a yi amfani da lissafin kuskure a ayyukansu, ya kuma ba da shawarar a nemi wani masanin lissafi a tuntuɓe shi. A shekara mai zuwa ya gana da Karl Pearson, wanda shi ne jagoran wannan fanni a Birtaniya.

Daga ƙarshen 1906 zuwa 1907, kamfanin ya ba shi dama ya zauna a ɗakin binciken Pearson da ke Jami'ar Landan. Pearson ya taimaka masa da lissafi, to amma bai ɗauki batun awo kaɗan da muhimmanci ba. A ganinsa, maganin ƙarancin awo shi ne a ƙara awo.

Gosset kuwa ba shi da wannan zaɓi.

Katuna dubu uku

A watan Maris na 1908, mujallar Biometrika, wadda Pearson ke shugabanta, ta buga maƙalarsa kan kuskuren da ke tattare da matsakaicin awo.

A cikinta ya nuna cewa idan awo kaɗan ne, sakamakon wancan rabon lissafi ba ya bin zane mai siffar ƙararrawa da aka saba da shi. Yana bin wani zane ne mai kama da shi, amma mai kaurin gefuna, abin da ke nufin manyan lambobi kan fito bisa dace fiye da yadda ake zato. Gwargwadon ƙarancin awon, gwargwadon kaurin gefunan.

Gosset bai samu cikakkiyar hujjar lissafi ba. Wani ɓangare na aikin hasashe ya yi, sannan ya gwada hasashen da hannu.

Ya ɗauko alƙaluman da wani mai bincike, W. R. Macdonell, ya buga na tsayi da kuma tsawon yatsan tsakiya na hannun hagu na masu laifi 3,000. Ya rubuta na kowane mutum a kan kati, ya cakuɗa katunan sosai, ya riƙa ɗebowa hurhuɗu, har ya samu rukuni 750.

Ya yi lissafin kowane rukuni, ya kwatanta abin da ya fito da zanen da ya yi hasashe, suka dace da juna. Ana lissafa wannan cikin misalan farko-farko na gwada ƙa'idar ƙididdiga ta hanyar ɗiba bisa dace, aikin da kwamfuta ke yi yanzu cikin ƙiftawar ido.

Jadawalin da ya buga tare da maƙalar ɗan ƙarami ne, ya tsaya ne a kan awo huɗu zuwa goma. A 1917 ya faɗaɗa shi daga awo biyu zuwa talatin.

Maƙalar ba ta fito da sunansa ba. Kamfanin bai yarda ma'aikatansa su buga bincike da sunayensu ba, ko su ambaci kamfanin, domin kada abokan hamayyarsa a kasuwa su gane irin amfanin da yake samu daga ƙididdiga.

Tun a 1907, lokacin da ya buga maƙalarsa ta farko kan ƙirga ƙwayoyin yisti a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya ɗauki sunan Student, kuma da shi ya ci gaba da rubutu.

Majinyata goma da maganin barci

Misalin da ya fi shahara a maƙalar 1908 bai shafi sha'ir ba. Ya ɗauko shi ne daga wani bincike da masu nazarin magunguna biyu, Arthur Cushny da Roy Peebles, suka buga a 1905, kan gwajin da aka yi a asibitin masu taɓin hankali da ke Kalamazoo, a jihar Michigan ta Amurka.

An bai wa majinyata magungunan sa barci a darare daban-daban, aka auna ƙarin sa'o'in barcin da kowa ya samu idan aka kwatanta da dararen da bai sha komai ba.

Gosset ya ɗauki alƙaluman majinyata goma da magunguna biyu. Na farko ya ƙara barci da kimanin minti 45 a matsakaici, na biyu kuma da kimanin sa'a biyu da minti 20.

A ido, na biyu ya fi. To sai dai majinyatan sun sha bamban ƙwarai da juna. Da maganin farko, wani ya samu ƙarin sa'o'i 3.7, wani kuwa barcinsa raguwa ya yi da sa'a 1.6. A cikin irin wannan warwatsuwa, bambancin magungunan na iya ɓacewa.

Abin da Gosset ya yi amfani da shi shi ne, kowane majinyaci ya sha duka magungunan biyu. Saboda haka sai ya kwatanta kowane mutum da kansa, ya ɗebe sakamakonsa na maganin farko daga na biyu.

Lambobi goma suka rage: 1.2, 2.4, 1.3, 1.3, 0, 1.0, 1.8, 0.8, 4.6 da 1.4. Tara daga ciki sun karkata ga magani na biyu, ɗaya ya tsaya a sifili, babu ko ɗaya da ya karkata ga na farko.

Ta wannan hanya, bambancin da ke tsakanin mai nauyin barci da mai sauƙin barci ya fita daga lissafi, domin yana nan a duka awon biyu na mutum ɗaya. Bisa jadawalinsa, Gosset ya samu rinjayen kusan 666 a kan ɗaya cewa magani na biyu ya fi sa barci.

Wannan shi ne abin da ake kira gwajin t na bibbiyu. Ana amfani da shi a duk inda awo ya zo biyu-biyu a haɗe, kamar hawan jinin majinyaci kafin magani da bayansa, ko iri biyu da aka shuka a kunyoyi maƙwabta.

Daga baya an gano cewa Gosset ya yi kuskure wajen rubuta sunayen magungunan a kan alƙaluman, ko da yake hakan bai taɓa lissafin ba.

Haɗuwarsa da Fisher

Shekaru da dama maƙalar ba ta ja hankalin kowa ba a wajen kamfanin.

A 1912, wani ɗalibin Jami'ar Cambridge ɗan shekara 22, mai suna Ronald Fisher, ya aika wa Gosset cikakkiyar hujjar lissafin da shi bai samu ba. Hujjar ta yi wa Gosset zurfi, bai kuma ɓoye hakan ba. Ya tura wa Pearson ya duba masa.

Fisher ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a 1919, inda shi ma ya tarar da matsalar awo kaɗan. Sai a 1922 mutanen biyu suka ga juna ido da ido. Da Gosset ya aika masa da jadawalinsa, ya nuna cewa ba ya tsammanin wani mahaluki zai taɓa amfani da shi in ban da Fisher.

A cikin wasiƙun da suka riƙa musaya ne aka sake fasalin lissafin. Gosset da harafin z ya fara, sabon fasalin kuma aka sa masa t. Ya ɗauki tsawon lokaci yana lissafa sabon jadawali da na'urar lissafi mai juyawa da hannu, aka buga shi a mujallar Metron ta Italiya a 1925.

A wannan shekarar ce Fisher ya fitar da littafinsa na dabarun ƙididdiga domin masu bincike, wanda ya kai gwajin t ga likitoci da malaman gona a ƙasashe da dama.

Fisher ya kawo wani sauyi mai tasiri. Jadawalin Gosset kan fara ne daga lambar da mai bincike ya samu, ya faɗa masa yiwuwarta. Fisher ya juya shi, ya zaɓi wasu matakan yiwuwa, kamar kashi biyar da kashi ɗaya cikin ɗari, ya jera lambar da dole a zarce a kowane mataki.

Waɗannan lambobi su ne adadin kan iyaka, kuma wannan fasali ne ake bugawa a littattafai har yanzu.

Yadda ake nemo adadin kan iyaka

Alƙaluman majinyatan nan goma, waɗanda Fisher ma ya yi misali da su a littafinsa, sun isa su nuna yadda aikin yake.

Da farko ana lissafa t. Matsakaicin bambance-bambancen goma shi ne 1.58, ma'aunin warwatsuwarsu kuma 1.23. Ana raba 1.23 da 3.16, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da goma, a samu 0.389. Wannan shi ne gwargwadon kuskuren. Idan aka raba 1.58 da 0.389, t ya zama 4.06.

Domin a san lambar da za a kwatanta shi da ita, ana bukatar abubuwa uku.

Na farko shi ne layin da za a duba a jadawalin, abin da masana ke kira matakan 'yanci. A gwajin bibbiyu, ana ƙirga bibbiyun ne a ɗebe ɗaya. Majinyata goma, matakai tara ke nan, duk da cewa awo ashirin aka yi.

Dalilin ɗebe ɗayan shi ne, da zarar an san matsakaici da tara daga cikin bambance-bambancen, na goma ya riga ya tabbata, ba shi da wani sabon labari game da warwatsuwa.

Na biyu shi ne matakin kasadar da mai bincike ya yarda ya ɗauka, ta cewa akwai bambanci alhali babu. An fi zaɓar kashi biyar cikin ɗari, wasu lokuta kashi ɗaya.

Na uku shi ne ko tambayar mai gefe biyu ce ko mai gefe ɗaya. Idan kowane daga cikin magungunan na iya fin ɗan'uwansa, gefe biyu ke nan, ana raba kashi biyar ɗin gida biyu. Idan tun kafin gwaji fifikon magani ɗaya kaɗai ake nema, gefe ɗaya ke nan.

A layi na tara, kashi biyar, gefe biyu, jadawalin ya ba da 2.262. A kashi ɗaya ya ba da 3.250. A gefe ɗaya, kashi biyar, ya ba da 1.833. Tun da 4.06 ya zarce su duka, da wuya a jingina bambancin ga dace.

Wanda ya bi jadawalin daga sama zuwa ƙasa zai ga abin da Gosset ya gano. A kashi biyar, gefe biyu, bibbiyu biyu na bukatar 12.706, huɗu na bukatar 3.182, shida na bukatar 2.571, goma na bukatar 2.262, talatin kuma 2.045. Lambar na ta raguwa tana dosar 1.96. Gwargwadon ƙarancin shaidu, gwargwadon ƙarfin hujjar da ake nema.

Akwai kurakurai biyu da ɗalibai suka fi faɗawa ciki.

Ɗaya shi ne a manta cewa awon a haɗe suke, a ɗauke su kamar na rukuni biyu na mutane daban-daban. Da an yi haka da alƙaluman Kalamazoo, da t ya zama 1.86, matakan 'yanci 18, adadin kan iyaka 2.101. Da an ce ba a ga bambanci ba, alhali alƙaluman ba su sauya ba.

Ɗayan kuma shi ne a zaɓi gefe ɗaya bayan an ga inda sakamako ya karkata, domin 1.833 ya fi 2.262 sauƙin tsallakewa. Yin haka na ninka kasadar ruɗuwa.

Gwajin na da sharuɗɗa. Kada sakamakon wani majinyaci ya shafi na wani, kuma bambance-bambancen su kasance ba su yi nisa da zane mai siffar ƙararrawa ba, musamman idan awon kaɗan ne.

Madarar 'yan makaranta

Ra'ayin Gosset kan amfanin haɗa abubuwa bibbiyu ya sake fitowa fili a 1931.

A 1930 an yi wani babban gwaji a gundumar Lanarkshire ta Scotland, da yara 20,000 a makarantu 67. Tsawon wata huɗu, yara 5,000 sun riƙa shan ɗanyar madara kullum, 5,000 kuma madarar da aka zafafa domin kashe ƙwayoyin cuta, sauran 10,000 ba a ba su komai ba. Ana so a ga tasirin madarar ga tsayi da nauyinsu.

Gosset ya nuna cewa yawan yaran bai kuɓutar da gwajin ba. An bai wa malamai damar gyara rabon, su kuma bisa tausayi suka karkata ga bai wa yaran da suka fi bukata. Tun kafin a fara, waɗanda ba a bai wa madara ba sun fi tsayi da nauyi.

Haka kuma an auna yaran da tufafinsu, da farko cikin hunturu, a ƙarshe cikin bazara, alhali tufafin sanyin ɗan mai hali ya fi na ɗan talaka nauyi. Kowace makaranta kuma nau'in madara ɗaya aka kai mata, saboda haka bambancin madara ya cakuɗe da bambancin makarantu.

Shawararsa ita ce a haɗa yara bibbiyu masu shekaru da jinsi da ƙirar jiki iri ɗaya, a jefa kuɗi sama domin zaɓar wanda zai sha wace madara. Ya ƙara da cewa tagwaye masu kama ɗaya, kimanin gida hamsin, za su amsa tambayar ɗanyar madara da zafaffiya fiye da dubban yaran, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga kuɗin da aka kashe.

Saɓani a kan gonakin gwaji

Gosset ya daɗe yana aiki da masu kyautata irin sha'ir, musamman Edwin Beaven na garin Warminster a Ingila. Sun yi amfani da tsarin shuka iri biyu a dogayen layuka kusa da juna, ana sauya wanda ke dama da wanda ke hagu, domin bambancin ƙarfin ƙasa ya faɗa a kan su biyun daidai.

A nan ne ya saɓa da Fisher, wanda ya dage cewa ƙuri'a ce kaɗai ya kamata ta raba filayen gwaji, domin ita ce ke sa lissafin kuskure ya inganta. Gosset kuma na ganin tsari mai daidaito ya fi rage ainihin kuskuren, wanda shi ne abin da ya dami manomi.

Muhawarar ta yi zafi a 1936, amsar Gosset ta ƙarshe kuma an buga ta ne a 1938, bayan mutuwarsa. Masu tsara gwaje-gwaje kan haɗa dabarun biyu, su fara haɗa masu kama da juna wuri ɗaya, sannan su jefa ƙuri'a a tsakaninsu.

An san Gosset da tawali'u, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe zumunci da Pearson da Fisher a lokaci guda, duk da gabar da ke tsakanin mutanen biyu.

Wata wasiƙa da ya rubuta wa Egon, ɗan Karl Pearson, a 1926, ta nuna cewa ba a yin watsi da wani zato sai idan akwai wani zaton da ya fi shi bayyana abin da aka gani. Egon Pearson ya amince cewa wannan na cikin abubuwan da suka haifar da aikinsa da masanin lissafin nan na Poland, Jerzy Neyman, wanda ya zama ginshiƙin yadda ake koyar da gwajin zato.

Ƙarshen rayuwarsa

Gosset ya auri Marjory Phillpotts a 1906, suka haifi ɗa namiji ɗaya da mata biyu. Idan ba ya aiki, yakan tafi kamun kifi, ko ya kula da itatuwan marmari a lambunsa, ko ya yi aikin kafinta. Har ƙananan jiragen ruwa ya ƙera da hannunsa.

A 1934 ya yi haɗarin mota da ya bar shi da ɗingishi.

Bayan rikicin haraji da ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Ireland a 1932, kamfanin ya gina sabuwar masana'anta a unguwar Park Royal da ke Landan. A 1935 Gosset ya bar Dublin domin ya jagoranci aiki a can.

Ya mutu ne sakamakon bugun zuciya a ranar 16 ga watan Oktoban 1937, a garin Beaconsfield, yana da shekaru 61.

Abin da ya bari

A 1942 Egon Pearson da John Wishart suka tattara maƙalunsa a littafi ɗaya, shi ma da sunan Student a bangonsa. An rufe masana'antar Park Royal a 2005.

Dabarar da aka ƙirƙiro domin auna sha'ir ta daɗe da barin wurin da aka haife ta. Da ita ake kwatanta magunguna da takin zamani da hanyoyin koyarwa, manhajojin kwamfuta kuma kan fitar da adadin kan iyaka ba tare da an buɗe jadawali ba.

Sai dai akwai wani ɓangare na tunaninsa da bai yaɗu kamar jadawalin ba. Tun a farkon aikinsa Gosset ya riƙe cewa babu wani matakin tabbaci guda ɗaya da ya dace da kowane gwaji. Ya danganta ne da ribar da za a samu idan aka bi sakamakon, da asarar da za a yi idan ya zamo kuskure, da kuma kuɗin ƙara gwaji.

Bayan zamaninsa, kashi biyar cikin ɗari ya zama tamkar doka. Binciken da ya tsallake iyakar yakan samu shiga mujallu, wanda ya gaza da kaɗan kuma yakan kwanta a aljihun tebur, ko da kuwa batun ya shafi lafiyar jama'a.

A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana gargaɗin cewa bai kamata a gina hukuncin kimiyya ko na kasuwanci ko na gwamnati a kan tsallake wata iyaka kaɗai ba, kuma tsallake ta ba ya nuna girman bambanci ko muhimmancinsa.

Gargaɗin ya zo ne shekaru 79 bayan mutuwar Gosset, da kuma shekaru 112 bayan rahotonsa na farko ga shugabannin kamfaninsa a Dublin.